Ta San Na Sani

Shekaru da dama ke nan, ina koyar da lissafi a wata sakandare, muna haya a Kabong, 'yata ta fari ta daina amsa mini magana. Shekararta uku da rabi. In uwarta ta tambaye ta abu, ta amsa. Mai ƙosan bakin layi ma tana samun amsa. Ni kuwa, mai digiri da tabarau, sai kallo.

Na koma ga littattafai, don nan ƙarfina yake. Na gano cewa akwai kunnen da ba ya kama murya mai kauri. Shi ke nan, na yanke hukunci: yarinya ta fara kurumcewa, kuma daga muryar ubanta ta fara. Gaskiya na tsorata. Wata safiya na ɗauke ta muka nufi asibiti, muka biya ta Farin Gada inda mahaifiyata ke sayar da kayan miya, don in sanar da ita.

Ta saurare ni tana ware ruɓaɓɓen tumatir. Da na gama ta ce, “To Malam, tambaye ta mu gani.” In ta ce Malam, na san ba yabo ba ne.

Na ɗauki tumatir ɗaya na ɗaga. “Mene ne wannan?”

Yarinya ta dube ni, ta dubi tumatir, ta sa yatsa a baki.

“Kin gani ko, Inna?”

“Kai ba ka san tumatir ba ne?”

“Na sani mana.”

“To ita ma ta san ka sani.”

Sai ta shiga laluben gefen zaninta, ta ɗaga buhu, ta ce, “Ƙawata, ina na jefa wuƙar nan ne?” Kafin ta rufe baki yarinya ta ce, “Tana ƙarƙashin kwando.” Can kuwa take.

Na ce ai muryar mace ce, wannan ya ƙara tabbatar da bayanina. Inna ba ta yi musu ba. Ta dai gyara zama, ta ɗaga haɓa, ta kwaikwayi yadda nake tambaya: a ja kalmar ƙarshe sama, a bar ta a rataye, kamar bulalar da ba ta sauko ba tukuna. Masu sauke buhunan kabeji suka tsaya suna dariya. Ɗayansu ya ce, “Oga, ko ni aka yi wa haka ba zan amsa ba.”

Duk da haka na je asibitin, don malami ba ya sauka daga ra'ayinsa a tsakiyar kasuwa. Likita ya duba ya ce kunne lafiya lau.

Sai na fara sauraron kaina. Ashe tun da yarinyar nan ta fara magana ban taɓa tambayarta abin da ban sani ba. Nawa ne wannan? Wane launi ne? Me ake cewa in an ba ka abu? Ita ba kalmomin take bi ba, karin muryar take ji, kuma karin yana gaya mata akwai maki a ƙarshe. Daga baya na karanta cewa har a Koriya ana nazarin yadda ƙananan yara ke gane inda tambaya ta dosa daga tashi da faɗuwar murya. Inna ba ta san inda Koriya take ba, ta riga su da kwando ɗaya na tumatir.

Na yi ta gwada sassauta murya, yarinya ba ta ruɗu ba. Sai wata Litinin na makara, ina ta birkita ɗaki, na ce da iska, “Ina jan birona ya shiga?”

Daga bayan kujera na ji, “Yana cikin takalminka, Baba. Barci yake.”

Na zauna a ƙasa da rigar aiki, na tambaye ta me ya gajiyar da shi, don wallahi ban sani ba. Ta yi mini bayani mai tsawo. Ranar ajin farko ya wuce babu malami.

Yanzu ta girma, tana karatu nesa da gida. In na kira na ce, “Kina lafiya?” wani lokaci takan ce, “Baba, tambaya ce ko jarrabawa?” Sai in cire tabarau in sake tambaya.