Teburin da Wuƙa Ba Ta Hawa

Usta Nosrat a bakin garwashi ya tsufa, a kasuwar Kazwin, yana gasa tsire yana ɗorawa a kan shinkafa da man shanu. Usta kuwa laƙabi ne da ake ba babban gwanin sana'a. Tun yana saurayi dokarsa ɗaya ce, kuma ba ya wasa da ita: wuƙa ba ta hawa teburinsa. Cokali a dama, cangal a hagu, magana ta ƙare.

Idan baƙo ya ɗauki cangal, wato cokali mai yatsu, yana tsintar shinkafa da shi, sai Usta ya tsaya masa a ka ya buɗe karatu. Sunan nan, in ji shi, daga farcen tsuntsu ya fito, don haka aikinsa danne nama ne da tura shinkafa. Gefen cokali ke yanka, cokali ke kaiwa baki. Wanda ya nemi wuƙa kuwa ya zagi mai gashi, don ya ce namansa da tauri ke nan.

Ana nan sai shanyewar ɓarin jiki ta kama masa hannun hagu, cangal ya gagare shi riƙewa. Mutumin da ya hana duk gari wuƙa ba zai yarda a yayyanka masa nama kamar yaro ba. Ya daina cin tsire, ya ƙaurace wa shago, ya ce a rufe. Abin ya ci masa rai matuƙa.

'Yarsa Mahin ta ƙi rufewa, ta kama gashin da kanta. Shi ya koya mata jiƙa nama da albasa, amma bai taɓa barin ta kusa da wuta ba. Wata ranar Alhamis ta tura abokin wasansa, Haji Safar mai darduma, ya ɗauko shi.

"Taso, tsoho," in ji Haji, "ka ga yadda ake gashi, tunda kai ka manta."

Usta ya zauna yana cika yana batsewa, shago maƙil da idon sani. Mahin ta ajiye masa faranti, da cokali kaɗai.

"Ina cangal?"

"Ba ka buƙatarsa, Baba."

Ya ɗora gefen cokali a kan naman. Ko dannawa bai yi ba, naman ya rabu biyu. Usta ya haɗa da shinkafa ya kai baki, ya sake, har ya share farantin. Sannan ya goge gashin bakinsa ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Ya juya wajen abokinsa. "Haji, ka faɗa wa 'yan kasuwa, daga yau ita ake kira Usta."