Baffa Fayiz da Mutanen Tulu

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran ƙanin mahaifina, Baffa Fayiz masunci, a ɗakinsa na haya da ke bakin tashar jiragen ruwa ta garin Sur.

Baffa, kifin da ka aika gidajen marayu ya kusa kai wanda ka sayar. Ga faɗa kuma, ba yaron da ya taka komarka ya tsira da kunnensa. Amma yau filinka na bayan gari nake tunawa.

Rabin rayuwarka ka yi a teku kafin ka mallake shi. Ana cikin haƙa harsashin gida sai diga ta fasa wani tulu, ga toka da ƙasusuwan mutum a ciki. Aka ci gaba, sai ga wasu a jere, har da duwatsu masu rubutun Finikiyawa, mutanen da suka kafa garin nan. Duk ɗan Sur ya san abin da ake yi a irin wannan rana: a zuba kankare kafin labari ya kai ga hukuma.

Matarka Ummu Nizar ta roƙe ka da hawaye: “Fayiz, don girman Allah ka rufe! Rabin garin nan a kan irinsu yake zaune. Mu kaɗai ne masu tsoron Allah?”

Ka ce, “Ummu Nizar, masu ƙasusuwan nan ma daga tashar nan suke fita, teku ɗaya ya ciyar da mu. Sai in shimfiɗa gadona a kan uwar wani?”

Da ƙafarka ka je ka kai rahoto. Aka kewaye filin da waya, gida bai ginu ba har abada. Abokanka a gidan shayi suka sami abin tsokana: “Abu Nizar, yaya mutanen tulu?” Kai kuwa sai ka ce, “Lafiya lau, sun fi ku kame baki.” Ni dai har yau ban san ko zan iya abin da ka yi ba, kuma na ga yadda hayar nan ta tsofar da ku.

Ummu Nizar ba ta taɓa cewa ka yi daidai ba. Amma da za a fita da makararka, ta riƙe hannun ɗanku ta ce, “Nizar, ka duba ramin da kyau. Kada su ɗora shi a kan wani, ba zai iya barci ba.” A nan kuka ya ci ƙarfina.

Ina miƙa ta'aziyya ga Ummu Nizar, da Nizar, da dukkan masuntan tasharmu. Allah ya ba mu juriya. Allah ya jiƙan ka, Baffa, ya yafe kurakuranka, ya haskaka makwancinka. Gidan da ka haƙura da shi a Sur, Allah ya gina maka shi a Aljanna.