Ruwan gishirin Malama Rahina

Rahina 'yar masunta ce daga Madekali, ta taso hannunta cikin gishiri tana taya uwarta gyaran kifi. Yanzu ita ke koyar da ilimin halittu a makarantar sakandarenmu ta Malanbil, ni kuma ina koyar da tarihi. Aikin nata na wucin gadi ne, sai sufeto ya zo ya ga darasinta kafin a tabbatar da ita. In bai gamsu ba, shi ke nan, ta koma gida.

Ba mu da ɗakin gwaji, ko madubin ƙara girma babu. Don haka ranar da sufeto zai zo ta kawo kofi biyu, ɗaya ruwan randa, ɗaya ruwan da ta narka wa gishiri har ya ƙoshi. Nufinta ta jefa yankan dankali cikin kowanne, yara su ga yadda ruwa ke ratsa tantanin ƙwayar halitta ya koma inda gishiri ya fi yawa. Ni na zauna baya don in ƙarfafa mata gwiwa.

Sufeto ya shigo yana zufa. Darektanmu Mamudu, mai shisshigin tsiya, ba ya iya ganin baƙo bai tarbe shi da ruwa ba. Kafin Rahina ta buɗe baki ya suri kofi ya miƙa. Bawan Allah ya yi bisimilla ya kwankwaɗa.

Ya shaƙe, idanu suka kawo ruwa. Na ce a raina aikin Rahina ya tafi.

Rahina ta ba shi ɗaya kofin. Da ya sha ya ce maƙoshinsa har yanzu a bushe yake. Sai ta juya wajen yara.

“Kun jiya? Ruwa yash sha, amma bakinai ya bushe. Mi ya sa?”

Wata ɗaliba, Azumi, ta miƙe. “Madam, kamar kihi na. In munka zuba mai gishiri, ruwan jikinai hita shikai. Gishirin ya jaye ruwan bakin Mushe sufeto.”

Daga nan Rahina ta kama zaren. Ta zana tantanin a allo, ta jiƙa dankalin a sauran ruwan gishirin, kafin a tashi ya yi laushi kamar tsumma. Sufeto da kansa ya matsa shi ya gani.

Da zai fita ya ce mata ta shirya, baɗi ma ajin nata ne. Wallahi sai lokacin na saki numfashi, ita kuwa ta zauna bisa benci tana dariya da hawaye.

Da la'asar ta hau kabu-kabu ta kai wa uwarta labari. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Alhamdu lillahi. Amma gishiri kunka ba baƙo? Gobe ki kai mai kihi.”