Zanin da Sa'a ta ɗinka wa Mama

Sa'a ta rasu.

Da safen nan ƙaninta ya kira ni ina tsaka da wanke baki. Ya ce ciwon asmarta ne ya tashi, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Na ce masa to, na gode, kamar wanda ya gaya mini farashin citta. Sai da na ajiye wayar na ga ashe buroshin yana hannuna.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Sa'adatu ƙawata ce tun muna sakandare a nan Kafanchan. Gidansu 'yan atamfa ne tun kakanni. Mun tafi jami'a tare, ni na karanta abin da ake karantawa don a samu ofis mai fanka, ita ta karanta zanen tufafi. Ta gama da sakamako mai kyau, ta dawo ta kafa keken ɗinki a bayan shagon babanta. Dangi sun daɗe suna jajanta wa juna.

Na san yau kowa zai mai da ita waliyyiya. Ni dai zan faɗa, digiri bai raba ta da halin teloli ba. Kayana na Kirsimeti sun sha zuwa dab da Ista.

Kuma fita da ita wahala ce. Kuna cikin tafiya sai ki waiga ki gan ta a baya, ta tsaya tana kallon yadda mai tallan doya ta naɗa gammo.

Shekarun baya Mamata ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo da taimakon sanda, baki ya dawo fiye da yadda yake, hannun dama ne ya ƙi. Matar da ta yi ritaya tana shugabar firamare, wadda ita ke ba da waƙa a zumuntar matan coci, sai ta daina fita. Ba coci, ba biki, ba gaisuwar mutuwa. Mun ɗauka kunyar sanda take ji. Fasto ya zo ya yi addu'a, ya sha gwate, ya tafi. Mama tana ɗaki.

Wata rana Sa'a ta zo duba ta, ta tarar ina ɗaura mata zani. Da na rako ta bakin ƙofa sai ta tambaye ni.

"Rifkatu, idan Mama tana coci zanin nan ya kwance, wa zai ɗaura mata?"

Ashe shi ke nan matsalar. Mama ba za ta tsaya gaban mutanen da ta koya wa ABCD tana jira a ɗaura mata zani kamar 'yar yaye ba.

Na je na sayo siket mai roba. Mama ta ɗaga shi da yatsu biyu ta ce, "Na wane ne?" Har yau shi ke rufe mana talabijin.

Sa'a ta ce kada in sayi komai. "Kawo zaninta na zumunta, tsohon, wanda ya san jikinta."

Da na leƙa shagon bayan 'yan kwanaki, na same ta ta ɗaure hannunta na dama a ƙugu da tef ɗin awo, tana kokawa da zani da hagu, gumi har wuya.

Na ce, "Hajiya, karyewa kika yi ko aljanu ne?"

Ta ce, "Aiki nake. Kin san da hannu ɗaya ba a ja a riƙe lokaci guda? Gwada ki gani."

Ban gwada ba. Ina da mutunci a kasuwar nan.

Na ba ta shawara ta sa abin nan mai maƙalewa irin na takalmin yara. Ta ce a'a, wanki kaɗan yake mutuwa, sai an yi odarsa daga nesa, kuma in ya ɓalle a coci har mai wa'azi sai ya ji. Abin da ta yi, ɗamara ce ta ciki daga ragowar ƙyallayen shagonta, da babban maɓalli wanda yatsun hagu za su iya turawa. Daga waje kuwa ta ɗinke shi tsaf, sai ka rantse ɗaura shi aka yi.

Mama ta saka da kanta, ba wanda ya taɓa ta. Na kusa guɗa. Ta tsaya gaban madubi, ta kai hannu gefen ƙugu, ta lalluba, sai ta cire.

"Ya yi kyau, 'yata. Amma ba zan sa ba."

Da ni ce, da tuni na yi fushi. Sa'a kuwa kujera ta jawo, idonta har ƙyalli yake. "Me ya sa, Mama?"

"Ke ba ki taɓa ganin mace za ta yi magana a taro ba? Za ta miƙe, ta zare bakin zani, ta ja, ta soke. Kafin ta gama kowa ya yi shiru. To kin ɗinke bakin. Da me zan sa su yi shiru?"

"Mama, yi mini in gani."

Ta sa tsohuwar nan ta yi ta maimaitawa har shayi ya huce. Bai ishe ta ba, ranar taron zumunta ta je ta zauna a bencin baya da hijabinta. Wata mama ta matso a hankali ta tambaye ta ko wani take nema. Ta ce a'a, zannuwa ta zo kallo.

Na biyun da ta kawo, maɓallin ciki ne ke riƙe komai, amma bakin zanin a sake yake. A ja shi, a soke shi da hagu, ko ya zame ba abin da zai buɗe.

Ran Lahadi Mama ta shiga coci. Da lokacin zumunta ya yi ta dogara sandarta ta miƙe, ta zare, ta ja, ta soke. Wurin ya yi tsit. Sannan ta ɗauko waƙa. Ni ba mai kuka a bainar jama'a ba ce, don haka na ce ƙura ce ta shiga idona.

Daga baya na ce wa Sa'a ta riƙe sirrin abin nan, kasuwa ce. Ita kuwa ta yanka samfurinsa a takardar buhun siminti, duk telan da ya tambaya ta ba shi. Ta ce, "Matar da ke Kachia sai ta hau mota zuwa nan saboda maɓalli ɗaya?"

Ganinmu na ƙarshe a bakin kasuwa ne. Na waiga, kamar kullum, ba ta nan. Tana can tana kallon wani dattijo a keken guragu, gefen rigarsa yana shiga taya. Da ta iso ta ce, "Rifkatu, me ya sa muke auna kowa a tsaye? Mutumin nan a zaune yake wuni."

Na ce ban sani ba, yunwa nake ji. Ta ce za ta bincika.

Tun safe tambayar nan take bina. Teloli da ke karanta wannan, ko akwai mai amsa?

Abin da ya fi ba ni tsoro yau shi ne gaya wa Mama. Na san yadda take shiga ɗaki, na san tsawon lokacin da ta taɓa yi a ciki. Na gaya mata. Ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Shi ya sa na zauna ina wannan rubutun, don ban san me zan yi da hannuwana ba.

Yanzun nan na ji ƙarar sanda. Ga ta a bakin ƙofa, da ɗankwali, da zanin.

"Ajiye wayar nan. Uwarta tana can ita kaɗai."

Allah ya jiƙan Sa'adatu, ya yafe mata kurakuranta, ya sa ta huta. Ya ba mahaifiyarta da 'yan'uwanta haƙuri. Don Allah ku sa ta a addu'a, kowa da irin tasa, don ita ma ba ta taɓa tambayar wa zai saka ba kafin ta ɗinka.

Mama ta zare bakin zani, ta ja, ta soke. Na yi shiru.