Malama Inno da Wasan Ƙawance

A unguwar Ajilari aka haifi Malama Inno, a nan ta yi aure, a nan kuma ta shekara ashirin da uku tana koyar da 'yan aji biyu a wata makarantar firamare. Gajeruwa ce, kullum da goro a kumatu, murya kuwa in ta ɗaga ta har masu keke a bakin titi sai sun rage gudu. In ka gaishe ta da Barbarci ka ce mata "wushe", sai ta dube ka sama da ƙasa kafin ta yanke shawarar ko za ta amsa.

Ita hedimasta ya zaɓa ya tura bitar kwana uku kan yadda ake ƙulla zumunci tsakanin yara. Malamai sun ce ba don ta dace ba ne, so kawai ya yi makaranta ta huta.

Ta dawo da wasa guda. Ajinta yara sittin da ɗaya ne, Barebari da Shuwa da Babur da Margi da 'ya'yan Kanawa, kowa na manne da mai jin yarensu. Ta fitar da su gindin dogonyaro, ta haɗa su bibbiyu da ƙarfin tsiya. Kowa zai tambayi abokinsa sunansa, da abincin da yake so, da abin da yake tsoro, sannan ya tashi ya gaya wa aji.

"Ku so juna," in ji ta, "ko in ci mutuncinku."

Habib ne ya fara tashi, riƙe da hannun abokinsa. "Wannan Wilson ne. Yana son ɗanwake. Yana tsoron babansa. Babansa kuma yana tsoron maman Wilson."

Aji ya fashe da dariya. Daga nan sai baki ya buɗe. Aka ji wadda kakarta ke cire haƙora ta sa a kofi, aka ji wanda yayansa soja ne amma ƙadangare ke kora shi daga banɗaki.

Washegari baban Wilson, Mista Jonathan, ya iso makaranta fuska a murtuke. Ya ce labarin gidansa ya kai har wurin mai shayin unguwa.

"Ƙarya yaron ya yi?" Malama Inno ta tambaye shi.

"Malama, ba maganar ƙarya ko gaskiya ake yi ba."

"To sai ka turo uwargidan mu yi maganar da ita."

Ya gyara hula, ya tafi.

Da yake lissafin bai cika bibbiyu ba, kullum sai an bar yaro ɗaya. A mako na uku wata 'yar mitsitsiya mai suna Rahmat ce ta rasa abokiya, dole Malama ta zauna da ita. Rahmat ta yi tambayoyinta uku, ta ƙara ta huɗu daga aljihunta.

"Malama, wace ce ƙawarki?"

Malama Inno ta tauna goro, ta sake taunawa. Ta duba cikin kanta tun daga Ajilari har unguwar Maisandari, ba ta samo kowa ba. Abin ya ɗan sosa mata rai, amma sai ta ce, "Wannan ba ya cikin tambayoyin."

Rahmat ta miƙe. "Wannan Malama Inno ce. Tana son goro. Ba ta tsoron komai. Ba ta da ƙawa."

Sai aka ji ƙyaƙyacewar dariya ta tagar aji uku. Malama Susanna ce, wadda suka shekara shida ba sa gaisawa saboda wata tsintsiya da kowacce ta rantse ta ajinta ce. Malama Inno ta nufi tagar a fusace.

"Dariyar me kike yi? Ke kina da ita ne?"

Susanna ta buɗe baki za ta rama, ta ɗan yi tunani, ta ce, "Ni ma sai dai ƙanwar mijina, ita ma don babu yadda zan yi ne."

Ranar Asabar aka gan su cikin keke napep ɗaya za su Kasuwar Litinin, wadda kullum take ci, suna musu kan wace ce ta fara yi wa wata magana. Yaran kuwa kafin ƙarshen zango sun cakuɗe, har sun koyi zagi da yaruka huɗu.

Bara da 'yar Susanna ta yi aure, Malama Inno ta ja mayafinta ta je wurin liyafa, ta zauna a layin gaba inda aka keɓe wa dangi. Ta ce shinkafar ba gishiri, naman kuma kamar takalmin roba. Faranti biyu ta ci, ta sa aka ƙulle mata na uku a leda.