Jinin Kanti a Kan Siket ɗin Soja

Ranar da na fara aiki a gidan tsohuwar, na ga hoto a bango na tambaye ta ko ita ce tana budurwa. Ta yi dariya har da tari. Ashe yayanta ne. Ni ina zan sani? Mutum ne tsaye da siket iya gwiwa, fuska sumul ba ko gashin baki. Ta ce a ƙasarsu Sikotilan maza ne ke saka shi, sojoji ma da shi suke fareti.

Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Kullum nakan taso daga unguwarmu Morris Heights in hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu zuwa ƙarshen layi, in yi mata wanka, in dama mata kunun da take sha da gishiri maimakon sukari, in ba ta magani. Ta kusa casa'in, idonta ya tafi saura inuwa, hankalinta kuma yau yana nan gobe ya ɗan fita yawo. Mama nake ce mata, ita kuma tana ce min 'yata.

Yayan nata bai cika ashirin ba aka kashe shi a yaƙin Koriya. Wani tudu aka ce su hau, suka hau, shi bai sauko ba. Can aka binne shi, ba wanda ya taɓa ganin kabarin a danginsu. Siket ɗin bai je yaƙi ba, a gida ya bar shi, ya ce wa ƙanwarsa ta riƙa kakkaɓe masa kada asu ya ci kafin ya dawo. Ta yi aure, ta haye teku da siket ɗin, ta haifi 'ya, ta binne miji, tana kakkaɓewa.

Duk shekara a watan Nuwamba, ranar da suke tunawa da sojojinsu, sai a fito da shi daga akwati. Da hannayenta suka ƙi, aikin ya dawo kaina. In shimfiɗa shi a gado, ulu ne mai nauyi, kore da shuɗi gida-gida, in bi ninkin bayansa ɗaya bayan ɗaya da buroshi, ita tana biye da ni da yatsa kamar malama mai duba allo. In na tsallake ninki sai ta tafka min hannu. Tana yi tana ba ni labarin yayan: yana da tsoron kare, yana satar mata alewa, bai iya waƙa ba amma ba ya yin shiru. Har na saba da shi. Wani lokaci in ina sharar ɗakin nakan kalli hoton in ce, "Soja, ina kwana."

A shekarar da nake faɗa, ana gab da bikin Halowin da ake yin shigar ban tsoro, 'yarta ta zo daga New Jersey da ɗanta, wani ƙato da ya kusa talatin, wanda bai taɓa zama da kakarsa ya sha shayi har ya ƙare ba. Ina kicin na ji ana jan akwati. Na leƙo, uwar ta ɗora yatsa a baki.

"Aro zai yi," in ji ta. "Kada ki gaya mata, ba za ta ma sani ba."

Na ce, "Madam, wannan kayan mamaci ne."

Ta ce, "Tsumma ne dai da ya shekara saba'in a akwati."

Ni 'yar aiki ce. Na haɗiye maganata, na koma kicin.

Bayan bikin ya dawo da shi a baƙar ledar shara, ya ajiye a bakin ƙofa kamar ya kawo bola. Ina kwance ledar warin giya da amai ya buge ni, sai da na riƙe bango. Gaban siket ɗin kuwa ja jawur, ya sandare. Na ɗaga ido, yaron yana miƙo min waya yana dariya, wai in ga hoto. Shi ne ya shafa farar hoda a fuska, ya liƙa raunin roba a goshi, ya kwanta a kan teburin mashaya da harshe waje, abokai na zuba masa giya a baki. Gawar sojan Sikotilan ya fito, in ji shi, har kyauta ya ci. Jan nan jinin kanti ne, na bogi, irin wanda ake sayarwa a kwalba.

Na ga ƙazanta iri-iri a wannan aiki. Na wanke kashin manya, na goge gyambo, ban taɓa yamutsa fuska ba. Ran nan ne kawai na ji ƙyanƙyamin mutum mai tsabta, mai ƙamshin turare. Na ce masa, "Ɗan'uwan kakarka ne fa." Ya ɗaga kafaɗa ya ce ai bai san shi ba.

Ranar fito da siket ta matso. Na kai wa masu wankin kwat, suka cire warin, jan ya ƙi. Na wuce da shi wajen wani tela ɗan Nijar kusa da Fordham Road, ko zai yi min dabara. Ya murza wurin, ya shinshina, ya yi tsaki.

"Hajiya, wanga ba ya hita. Ya ci ulun. In na yanke, ninkin duka ya ɓaci. Wa ya yi wanga aiki?"

Na gaya masa. Ya ninke shi da hannu biyu ya miƙo min, ya ce Allah ya sa mu gama da 'ya'yanmu lafiya.

Na zuba kafur sabo, na mayar da shi akwati, ina roƙon Allah ya sa ranar ta zo hankalinta ba ya gida.

Ranar ta zo hankalin yana gida rabi. Da safe ta ce in fito da kayan yayanta. Na shimfiɗa shi rub da ciki, muka bi ninkin baya lafiya, har na fara sauke numfashi. Sai ta ce in juya. Yatsunta suka sauka daidai wurin, suka tsaya. Ta ƙara shafawa.

"'Yata, me ya taurara nan?"

Kafin in amsa ta sake tambaya.

"Wane launi ne?"

Ba na yi mata ƙarya, ta kuma san haka. Na ce, "Ja ne, Mama."

Na jira ta tambayi wanda ya yi, sunan jikanta yana kan harshena, wallahi da na faɗa. Ba ta tambaya ba. Fuskarta ta saki, ta koma ta ƙaramar yarinya. Ta manta siket ɗin bai taɓa barin gida ba.

"Ashe nan harsashin ya same shi," ta ce a hankali. "Duk shekarun nan ban gani ba."

Ta jawo shi da hannayen nan nata, ta kai bakinta kan jinin kanti, ta sumbace shi, ta daɗe ba ta ɗago ba. Tana kiran sunansa, tana ce masa sannu.

Na tsaya da buroshi a hannu, ban ɗauke mata shi ba.