Jajen da Baba Issaka ya yi a bakin ƙofa

Har yau ban manta da wata Litinin ta watan Janairun 2006 ba, lokacin ina aiki a kulob ɗin wani rukunin gidaje a Ain Khaled. Ku da kuka zo Doha daga baya ba ku tarar da aikin kaset ba, don haka bari in fara da yadda yake.

Yawancin mazauna gidajen injiniyoyi ne Amurkawa. Suna da tasu ƙwallon, ba irin tamu ba. Ita doguwa ce kamar gwanda, da hannu ake ɗaukarta a ruga, 'yan wasan kuma da hulunan kwano. Kakar tana farawa a Satumba. Idan Janairu ta kama sai a shiga sili ɗaya ƙwale, wanda aka ci ya koma gida sai baɗi. Matsalar ita ce sa'ad da ake bugawa a can, mu nan ana barci, kuma Litinin ranar aiki ce. Saboda haka nakan saita na'ura ta naɗi wasan, da safe in duba farkon kaset da ƙarshensa in tabbatar ya naɗu duka. Bayan magariba su taru su kalla kamar yanzu ake yi.

Doka ɗaya ce: ba a faɗin sakamako. Su da kansu sukan wuni ba su buɗe rediyo ba, ba su ɗaga wayar gida ba. Mudir ɗinmu, wato manaja, wani ɗan Lebanon ne mai suna Fadi. Ya taɓa sallamar wani ma'aikaci don ya yi wa mazauni murmushi ya ɗaga masa babban yatsa. Kun san abin da sallama take nufi a nan. Kafil, wato mai ɗaukar nauyin zamanka a ƙasar, ya janye hannunsa, sai jirgi.

An ba ni aikin ne don a lokacin ban iya karatun boko ba, wasan ma ban gane shi ba. Amma a wannan kakar na shiga ajin manya da wani ɗalibi ɗan Zariya yake yi mana a Abu Hamour ranakun Juma'a. Kafin Janairu ina karanta makin da ke gefen allon talabijin. Na gaya wa mudir, ya ce ba komai, in dai fuskata ba ta karanta wa kowa ba.

A cikin masu kallon akwai Mista Ray, dattijo mai furfura, mai gaida kowa da sunansa. Ƙungiyar garinsu ta daɗe ba ta yin abin kirki, sai ga shi a wannan shekarar ta farfaɗo. Ta fara kaka da rashin nasara, sannan ta yi ta ci, har ta kai wasan da in ta haye sai na ƙarshe. Duk rukunin ya koma bayanta saboda shi. Har mai gadinmu, Baba Issaka, mutumin Kumasi da bai taɓa zama ya kalli wasan ba, yakan tambaye shi, "Yaya yaranka?"

A safiyar Litinin ɗin na duba kaset. An ci su, kuma a ƙarshen wasa aka ci su. Na rufe na'ura, na shiga goge tebura.

Da la'asar sakaliya ina jera kujeru, sai na hango ta taga motar Mista Ray ta tsaya a bakin ƙofa. Baba Issaka bai ɗaga sandar tare motoci ba. Ya fito daga ɗakinsa, ya cire hula, ya kama hannun mutumin da hannu biyu, ya sunkuyar da kai yana magana. Ban ji abin da yake faɗa ba, amma duk Bahaushe ya san wannan tsayuwar. Jaje yake yi. Da na waiwaya, sai na ga mudir a bayana, shi ma yana kallo.

Na samu Baba Issaka bayan motar ta wuce. Ashe wani direba ne ya ba shi labari. Na ce, "Baba, me ka yi ke nan?"

Ya ce, "Ni ban faɗi komai ba, Malam Sani. Gaisuwa na yi. Mutum ya yi rashi ya wuce ta gabana, in ɗaga masa sanda kamar ban san shi ba?"

Na tuna masa dokar da wanda aka sallama. Ya mayar da hularsa. 'Ya'yansa mata biyu suna makarantar koyon aikin jinya a gida, kuma da wannan gadin yake riƙe da su.

Bayan magariba ɗaki ya cika. Mista Ray ya shigo da rigar ƙungiyarsu, ya zauna a kujerarsa ta gaba, ya ce, "Yalla, Sani." Na kunna. Ina jiran ya miƙe ya ce an ɓata masa wasa, amma bai yi ba. Da yaransa suka fara cin maki ya tashi ya tafa tare da kowa. Da alƙali ya yanke musu hukunci ya yi masa faɗa kamar yana jinsa.

A hutun rabin lokaci ya zo wurin shayi, inda nake tsaye ni kaɗai. Ya tambaye ni a hankali ko na ga ƙarshen. Na ce na gani. Ya ce, "Haka kake zama da mu kowane mako?" Na ce haka ne. Ya jinjina kai, sannan ya tambayi ma'anar abin da Issaka ya yi. Na gaya masa da ɗan Turancina cewa a wurinmu ba a barin mutum ya ɗauki rashi shi kaɗai, ko akuya ce ta mutu sai an je an ce sannu. Ya ɗauki shayinsa ya koma.

An ci su kamar yadda na gani da safe. Mutane suka fara fita ɗaya-ɗaya. Nan mudir ya tare Mista Ray cikin ladabi, ya ce ya ga abin da ya faru a ƙofa, kuma gobe za a ɗauki mataki. Mista Ray ya dubi sauran da ke fita, ya ce, "Akwai wanda aka ɓata wa kallo a cikinsu? Ni kuwa gaishe ni aka yi. Khalas, magana ta ƙare." Mudir ya ce to.

Sai Mista Ray ya ce in raka shi. Muka taka har bakin ƙofa. Baba Issaka ya miƙe. Mista Ray ya miƙa masa hannu, ya ce in fassara: "Ɗazu ka yi sauri. Yanzu ne lokacin. Sake yi mini."

Baba Issaka ya cire hula, ya kama hannun da hannu biyu, ya ce, "Sannu. Allah ya ba da haƙuri, ya kai mu baɗi." Mista Ray ya tsaya har ya gama, bai janye hannunsa ba.

Baba Issaka ya ƙara shekaru a ƙofar nan, har yaransa suka gama karatu. Abin da na koya, kuma nake gaya wa duk sabon da aka kawo mini, shi ne a aikin yi wa mutane hidima ba a ce ka bar halin gidanku a filin jirgi ba. Ka zo da shi, suna bukatarsa. Sai dai ka koyi riƙe shi har a kashe na'ura.